Ɗigon Fentin da Baba Ya Bari a Kan Ashirin da Biyar

Shekara bakwai ke nan, a wannan damina, da muka rasa mahaifinmu, Malam Ilu direba, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mana gida a Jibiya, da tsohuwar mota mai dogon baya wadda ya yi rayuwarsa yana jigilar fasinja da ita daga bakin iyaka zuwa Katsina. A gaban sitiyarinta akwai agogon da ke nuna juyin inji. A kan gilashinsa, daidai lamba ashirin da biyar, Baba ya ɗiga farin fenti da tsinken ashana. Allurar ba ta taɓa wuce wannan ɗigo ba a hannunsa.

A tasha tsokanarsa ake yi. Abokan aikinsa sukan ce wa fasinja, in za ka shiga motar Ilu ka yi guzurin tuwo. Suna nuna masa cewa masu ƙera agogon da kansu sun sa jan layi a kan sittin, to mene ne nasa na tsayawa ƙasa da rabi? Sai ya yi murmushi ya ce shi da kunnensa ya auna. Inna ta gaya mini cewa wuni guda ya yi a hanyar Riko, motar ba kowa, yana taka totur kaɗan-kaɗan, tafin hannunsa a kan giya. Inda ya ji muryar injin ta fara tsinkewa, sai ya sassauta ƙafa kaɗan, ya ɗiga fentin a nan.

Yanzu Yaya Sanusi ne ke tuƙa motar, hanyar kuma ba ta zamanin Baba ba ce. Akwai wuraren da fasinja kan yi tsit, kowa na leƙen daji ta taga don tsoron 'yan bindiga, babu mai son a rage gudu. Nakan tambayi kaina abin da Baba zai yi da ya ga wannan lokaci. Bara Yaya ya kankare ɗigon da farce. Ya ce Baba ya yi zamaninsa na kwanciyar hankali, shi kuwa yakan kai allurar arba'in, kuma ko kusa da ja ba ta zuwa.

Ni ɗaliba ce, ba na zuwa gareji, magana a gaban mutane ma wuya take yi mini. Amma a hutun nan na samo littafin motar a akwatin Baba, da Faransanci, na bi shi da ƙamus shafi-shafi. Hoton agogon da ke ciki ba irin namu ba ne. Na tambayi Inna, ta tuna cewa na asali ya mutu tun kafin a haife ni, Baba ya sayo wani a wurin masu kayan tsofaffin motoci a Maraɗi. Na kwafe rubutun da ke bayansa na bincika. Na motar da ke da fulogi shida ne. Tamu huɗu gare ta.

Irin wannan agogo tartsatsin fulogi yake ƙirgawa. In aka ɗora na shida a kan injin huɗu, kashi biyu cikin uku na gaskiya kawai yake nunawa. Na yi lissafin sau uku a bayan littafin darasina. Ashirin da biyar ɗin Baba ya kusa talatin da takwas, daidai ƙarfin tsohon inji. Arba'in ɗin Yaya kuwa sittin ne cif. Shekara guda ke nan yana tafiya a kan jan layi bai sani ba.

Na yage takardar lissafin, kwana huɗu tana cikin hijabina kafin na iya miƙa wa Yaya. Ya karanta a tsaye, yana goge hannu da tsumma.

"To Malama, in sun fito daga daji, allura zan tsaya kallo?"

Na ce masa a hankali, "Yaya, in injin ya buga a wurin fa?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da ya shiga wanka na samo ragowar fenti da tsinken ashana, na mayar da ɗigon inda yake. Ya gani, bai kankare ba, bai kuma ce zai bi shi ba.

Baba bai san lissafin nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya dai ƙi yarda da abin da agogo ya faɗa masa, ya saurari injin. Wannan kunnen ne bai bar wa kowa ba. Ɗigon kawai muka gada.

Yau da safe Yaya ya fita da fasinja tara. Salansar motar ta fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma tabon baƙin mai a inda motar ke kwana ya fi na makon jiya faɗi, domin na auna shi da tafin hannuna. La'asar ta wuce, bai dawo ba tukuna. Inna ta shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa, ta ce wai iska take sha.