Tsohon Karen da Na Riƙe Bayan Rasuwar Matata

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Takoma Park a ƙasar Amurka ina aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnatin tarayya da ke unguwar Southwest a babban birnin ƙasar, na ɗauko kare na ajiye a gidana. Na san waɗanda suka san ni tun a gida za su tsaya su sake karanta wannan layin. Ni ɗin ne dai, Bakatsinen nan da in ya hango kare a bakin lungu yake sauya hanya ko da zai makara makaranta.

Matata ta rasu ne a farkon lokacin zafi, bayan ta yi fama da ciwon daji. Mutanenmu sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Daga Landover, daga Silver Spring, har daga Baltimore an zo ta'aziyya, falo cike da takalma, kicin cike da kulolin tuwo da miyar kuka. Da aka yi addu'ar arba'in sai kowa ya koma bakin aikinsa. Ɗana ya koma Texas, 'yata ta koma jami'arta. Ban ga laifin kowa ba. Haka zaman ƙasar nan yake, kowa da abin da ya sha masa kai.

Sai gidan ya yi mini girma. Ina dawowa daga aiki in buɗe ƙofa in yi sallama, sai na gama sannan in tuna babu mai amsawa. Na koma barin rediyo a kunne don kada in tarar da shiru. Ban iya dafa abincin mutum ɗaya ba, in na dafa kuma ba na iya ci, sai in tsaya a gaban firij in ci burodi da shayi a tsaye. Ƙarshen mako ne ya fi wuya. Daga an watse daga sallar Juma'a har safiyar Litinin, wani lokaci mai karɓar kuɗi a kanti ce kaɗai za ta ji muryata. Akwai Litinin ɗin da na gaida mai gadin ofis na ji muryar ta shaƙe, kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

A ofishinmu akwai wata dattijuwa, baƙar fatar Amurka, da ta kusa ritaya. Ranakun Asabar tana aikin sa-kai a wani gida da ake tara dabbobin da ba su da mai su. Wata rana da rana ta same ni ina juya abinci a roba, ta ja kujera ta zauna, ta miƙo mini hoton wani baƙin kare.

Ta ce, “Maigidansa tsoho ne, shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya a Landover. Ya mutu babu wanda ya sani. Sai da maƙwabta suka gaji da kukan karen aka fasa ƙofa, aka same shi kwance a gefen gawar.”

Na ajiye cokali. Ban gaya wa kowa ba, amma a watannin nan na sha tambayar kaina, in na faɗi a banɗaki, sai yaushe za a sani.

Ta ce wurin ya cika, kuma masu zuwa ɗauka 'yan kwikwiyo suke so, babu mai kallon tsoho. In wata ya ƙare ba a samu mai ɗaukarsa ba, allurar mutuwa za a yi masa.

Na ce, “Kin san mu ba ma ajiye kare a cikin gida.”

Ta ce, “Na sani. Ban ce ka ɗauka ba. Motata ce take wajen gyara, ka kai ni ranar Asabar.”

Har yau ban tabbatar motar nan ta lalace da gaske ba.

Ranar Asabar da muka shiga wurin, haushi ya cika mini kunne, kowane kare na tsalle yana dukan wayar kejinsa don a gan shi. Na riƙa tafiya a tsakiyar hanya hannuwana a ƙirji. Shi baƙin karen yana kejin ƙarshe, kwance, ya ba mutane baya ya fuskanci bango. Bakinsa duk furfura. Ko motsi bai yi ba da muka tsaya. Ban san abin da ya sa ba, sai na ji na ce masa, “Sannu,” da Hausa, irin sannun da ake yi wa mai makoki. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya sake saukewa.

Na dawo gida ba tare da shi ba, amma na kasa cire shi a raina. Ranar Juma'a bayan salla na tsayar da wani dattijon malami, mutumin Damagaram, da muke girmamawa. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba. Ni ba zan ce ka ɗauka ba, ba kuma zan ce ka bari a kashe shi ba. In ka ɗauka, ka ware masa wurinsa da kwanonsa, kada ya taka inda kake salla. Gidanka da fili a baya?”

Na ce akwai.

Ya ce, “To, gida ai yana son mai gadi.”

Na yi dariya a zuci, don karen da na gani ko kwanonsa ba zai iya gadi ba.

Asabar ta gaba na koma na ɗauko shi. A bayan gidan akwai wani ɗan ɗaki mai tagogin gilashi inda matata take ajiye shuke-shukenta. Nan na shimfiɗa masa tsohon bargo. Da safar hannun wanke-wanke na riƙa sa masa igiya, ina miƙa hannu daga nesa kamar mai taɓa wayar lantarki. Ina tsoronsa, shi ma yana tsorona. Sunan Turancin da ya zo da shi kuwa ya ƙi amsawa daga bakina, sai na koma ce masa Dattijo.

Ya ƙi cin abinci. Na sauya masa kala, na jiƙa masa da romo, ya dai shinshina ya koma ya kwanta. Na fara tunanin a hannuna zai mutu. Wata yamma na gaji, na ɗauko farantina na zauna a kan dokin ƙofar ɗakin nasa ina cin shinkafa, ina kallonsa yana kallona. Can sai ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa zuwa kwanonsa, ya fara ci. In na tsaya ya tsaya ya ɗago kai. Ashe bai saba ci shi kaɗai ba ne. Daga ranar dokin ƙofar nan ya zama wurin cin abincina, kuma na koma dafa abinci na gaske.

Dole ta sa na fara fita da shi safe da yamma, muna bin hanyar bakin rafin da ke kusa da unguwa. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna ɗaga wa juna hannu daga mota suka fara tsayawa suna tambayar shekarunsa da abin da ya samu ƙafarsa. Da yawansu ba su san sunana ba, amma sun iya cewa Dattijo, kowa da irin karyewar harshensa.

'Yata ce ta kai labari gida. Ranar Lahadi na kira mahaifiyata a Katsina, muna gama gaisawa ta ce, “An ce ka ajiye kare.”

Na ce, “Haka ne, Hajiya. Tsoho ne, maigidansa ya rasu.”

Ta ce, “Farauta ka fara?”

Na ce a'a.

“Kana dai cin abinci?”

“Yanzu ina ci, Hajiya.”

Ta ce, “To, ka riƙa wanke hannunka. Kuma tunda ka ɗaure shi, haƙƙinsa na wuyanka. Kada ka bar shi da ƙishirwa.”

Inda abin ya yi tsauri shi ne wajen abokina. Likita ne, Bakano, tare muka yi gwagwarmayar farkon zuwa ƙasar nan, shi ya tsaya a kan komai ranar jana'izar matata. Wata Lahadi suka zo shi da iyalinsa ba tare da sun kira ba, ɗauke da kula. Suna shigowa falo Dattijo ya leƙo ta gilashin ƙofar baya. Matarsa ta yi salati ta koma mota. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

Ya ce, “Injiniya, mene ne wannan? A gidan marigayiya? Inda aka yi saukar Alƙur'ani?”

Na yi masa bayanin ɗakin da kwanon da abin da malam ya ce. Bai ko saurara ba.

Ya ce, “In kaɗaici ne ya dame ka, ai sai ka faɗa. Mu nema maka mata, ko ka riƙa zuwa wajenmu.”

Na ce, “Likita, rabon da wani ya ƙwanƙwasa ƙofar nan tun arba'in. Yau ne na farko. Ta yaya zan faɗa, wa zan faɗa wa?”

Ya dube ni, ya ajiye kular a ƙasa, ya ce sai an jima.

Labari ya zaga. Babu wanda ya zage ni, amma gaisuwa ta gajarce. A wani taron suna na ji wani yana cewa Injiniya ai ya zama Bature, aka yi dariya, ni ma na taya su. Abokina ya daina kira. A hunturun nan aka yi dusar ƙanƙara mai yawa har aka rufe ofisoshin gwamnati, na yi kwanaki daga ni sai Dattijo, ina haƙa masa 'yar hanya a bayan gida da shebur. Wayata ba ta yi ƙara ba sai in 'ya'yana ne. Na zauna na yi tunani, na ce mutanen nan su za su wanke ni su binne ni, kare ba zai yi ba.

Da hanya ta buɗe na sa shi a bayan mota na nufi inda na ɗauko shi. Muna shiga wurin ajiye motoci ya ji haushin sauran. Sai ya sauko daga kujera, ya cusa kansa ƙarƙashin kujerata, jikinsa na rawa har ina ji a bayana. Bai yi kuka ba. Na kashe mota na zauna ina kallon ƙofar wurin, wata mata ta fito rungume da ɗan kwikwiyo tana murna. Na daɗe a haka. Daga nan na tayar da mota muka koma gida. A hanya na miƙa hannu baya na shafa kansa, babu safa, karo na farko.

Sai da ƙanƙara ta narke abokina ya kira. Bai ambaci abin da ya faru ba. Ya ce, “Ƙarfe nawa kuke fita yawon naku? An ce in riƙa motsa jiki, sukari ya fara hawa.”

Ya zo ranar Asabar da takalmin gudu sabo fil. Ya bi ɗaya gefen hanyar, ni a tsakiya, Dattijo a ɗaya gefen. Mun yi nisa kafin ya ce, “Maganar da ka faɗa mini a bakin ƙofa ta hana ni sakat. Kullum ina cewa gobe zan leƙo ka.” Na ce ya wuce. Daga nan kusan kowace Asabar yana zuwa. Bai taɓa taɓa karen ba, bai kuma sauya ra'ayinsa ba, yakan ce mini har gobe bai ga dalili ba. Matarsa ba ta sake shiga gidan ba. Wasu ma ba su dawo ba sam.

Dattijo ya yi wajen shekara huɗu tare da ni. A ƙarshe ƙafafunsa na baya suka daina ɗaukarsa, ya daina ci ko ina zaune. Likitan dabbobi ta ce wahala kawai yake sha, gara a yi masa allurar ya huta. Abokina ne ya tuƙa mu ranar, don na ce masa ba zan iya ba. Na riƙe kan Dattijo a cinyata har ya yi shiru, abokina kuma yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, hularsa a hannu. Ya mayar da ni har ƙofar gida. Ya kashe mota ya ce, “Ka riƙe amana, Injiniya.” Ya shigo ya zauna har magariba.

Ban sake ɗaukar wani kare ba, kuma ba na rubuta wannan don in ce wa kowa ya ɗauka. Wanda ya ce bai dace ba, ba na jayayya da shi. Abin da na sani shi ne, a lokacin da na fi kowane lokaci buƙatar a buƙace ni, wata halitta ce da ba ta jin yarena ta tashe ni kowace safiya, ta fitar da ni waje, ta sa na ci abinci. Na kuma gane mai makoki ba ya cewa ku zo. Kunya ba ta barinsa. Shi ya sa yanzu in aka yi wa wani rasuwa a cikinmu, nakan bari jama'a su watse, sannan in fara zuwa.

Kwanakin baya jikata ta ce in nuna mata hotonsa. Na duba ko'ina, guda ɗaya tak na samu, wanda wata maƙwabciya ta ɗauka ba mu sani ba. Ta bayanmu ta ɗauke mu, muna tafiya a bakin rafi, ganyaye sun zube, babu kowa a hanyar sai mu. Yarinyar ta ƙura masa ido, ta ce da Turancinsu, “Kaka, ai ba a ganin fuskarsa.” Na ce mata ba komai, ni ina ganinta.