Jan Taraktar Kaka

Ko yau idan na ji warin kananzir ya haɗu da ruwan sabulu, sai in gan ni a bayan gidanmu a Wurno, ina 'yar yarinya, soso a hannu, ina wanke tarakta.

Ta kakana ce. An ce ja ce da ya sayo ta, amma ni na tashi na tarar rana ta cinye jan, ta koma kalar busasshiyar ƙasa. A shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, ba ya iya zuwa aiki. Sai a kai shi gindin mangwaro a bakin fadama ya zauna yana hangen masu huɗa. Wata rana ya ce ba ya rarrabe taraktar da gona. Yana so a mayar mata da janta kafin noman rani, ya ƙara ganinta tana aiki tun idon bai gama tafiya ba.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya sayo fenti da samfefa mai kaushi daga Achida, ya ce a kankare ta har ƙarfe a shafa, a huta. Kaka ya ƙi.

"Mi kaka so, tsatsa ta cinye ta? Wanga tsohon fenti shi ar rigatta. Wanda ya kama, a bar shi."

"Baba, idonka ba ya jiranmu."

"To ya tahi. Ba a yi min aikin banza."

Sai muka bi tasa. Kananzir ga inda baƙin mai ya daskare. Toka da sabulun salo ga sauran jiki, a cuɗa da soso, a ɗauraye da ruwan rijiya, a bari ta bushe. Inda fentin ya ɗago kaɗai ake ɓamɓarewa da bakin cokali, a ɗan goge gefen a hankali. Ina dawowa daga makaranta zan kama. Da yamma Kaka ya shafa tafinsa a jikinta, ya miƙo mini. "Amarya, duba, da gari?" Haka yake tsokanata. Muddin akwai farin gari a hannun, gobe a sake wanki, don sabon fenti ba ya zama a kan gari. Sau da yawa na so in ce babu. Ban iya ba, domin tsohon yana murza yatsunsa ya ji.

Sanyi ya shiga muna wanki. Har aka fara dashen albasa ba mu gama ba. Kullum ina lura yana ƙara laluben bango, haushinsa yana kama ni.

Daga ƙarshe muka shafa fentin. Ranar da taraktar ta fita fadama, ja wur, har masu babura suna tsayawa kallo. Muka zaunar da shi gindin mangwaron. Baffa ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gane ta?" Ya juya fuska wajen ƙarar, ya daɗe.

"Ina dai jin ta," in ji shi.

Baffa ya tashi ya bar wurin.

Yanzu a bakin hanyar Goronyo akwai masu injin goge ƙarfe da na feshi, ka kawo da safe ka ɗauka da la'asar. Nakan tsaya in kalle su. Fentinmu ya yi shekaru bai ɓare ba, gaskiyar Kaka ke nan. Amma da mun bi ta Baffa, da ya gan ta. Na girma, na yi jikoki, har yau ban san wanda zan ba gaskiya ba.