Tafiya Gangara Neman Bakin Na'urar Ruwa

Katsina

Ana idar da sallar asuba Sanusi, ɗan ƙanena, ya iso ƙofar gidana. Injiniyan ruwa ne. Ya dasa wata na'ura a wani ƙaramin dam kusa da Gangara, mai auna tsayin ruwa ta aiko da lissafin ta intanet zuwa kwamfutar ofishinsu. Ta yi aiki ɗan lokaci, sai ta yi shiru. Maigidansa ya ce in ba ta yi magana ba kafin Juma'a za a cire ta, aikin Sanusi kuma ya ƙare. Ni abokin hira kawai ya ɗauke ni.

A tasha muka sami motar Malam Idi, mutumin Maraɗi. Tun da Shari'a ta kankama, mata na baya, maza na gaba, ya kuwa matse mu mu biyu kusa da giyar mota. Na shiga motoci a Sudan da Kamaru, ban ga inda ake tattalin kujera kamar hanyar Jibiya ba.

Daddara zuwa Gangara

Shingayen kwastan da 'yan sanda ba su da iyaka. A Daddara wani jami'i ya buɗe jakar Sanusi, ya ga wayoyi da batir, ya tambaya ko rediyo muke gyarawa. Malam Idi ya ce masa ma'aunin ruwa ne, ya ƙara da cewa a ƙasarsu da gora ake aunawa kuma ba a taɓa kai gora gyara ba. Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana katako.

Mun karya da ƙosai da kunu a Jibiya, muka hau babura zuwa dam. Na'urar na nan cikin akwatinta bisa ƙarfe, farantin hasken rana a kanta. Sanusi ya duba batir, lafiya. Ya jawo igiyar da ke cikin ruwa, lafiya. Lissafin duk yana ciki a ajiye, fita ce ba ya yi. Zufa ta fara keto masa.

Nan wayarsa ta yi ƙarar shigowar saƙo, ya miƙo mini.

"Baffa, duba mini wannan, Faransanci ne."

"Ana yi maka barka da zuwa Nijar," na ce.

"Ai a Gangara nake tsaye."

Sai ya tambayi maigadin dam ko an kafa sabon ƙarfen sabis na waya a kusa. Maigadi ya nuna arewa, ya ce can tsallaken iyaka aka kafa wani dogo bayan girbi. Ashe sabis ɗin Nijar ne ya danne namu, layin wayar da ke cikin na'urar kuwa ba a buɗe masa aiki da na waje ba.

Iyaka

Sanusi ya ce a ba ta layin Nijar kawai, intanet ba ta tambayar fasfo. Muka koma Magama muka tsallaka. Jandarma ya tambayi abin da ya kawo mu, na bayyana masa da Faransancina na tsofaffi. Ya saurara har ƙarshe, ya amsa da Hausa tsantsa: "Alhaji, ku dai dawo kafin la'asar." A rumfar wani mai shayi muka sayi layin, wanda su can suke kira pus, muka ci burodinsu mai tsawo da taurin ɓawo, irin wanda na sani a Yamai.

Da muka koma dam Sanusi ya sa layin, ya sake saita na'urar, ya kira Hajiya Binta, abokiyar aikinsa da ke gaban kwamfuta. Ta ce babu komai. Muka zauna gindin marke. Can sai ga kiranta.

"Sanusi, lambobi na ta shigowa, har na makonnin baya."

Ya zauna daɓas a kan yashi yana hamdala.

Gida

Mun shigo Katsina ana kiran magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da maigadin dam, da jandarman da bai tsare mu ba. Sanusi na nan kan aikinsa, kuma labarin ruwan Gangara sai ya ratsa ta Nijar kullum kafin ya iso Katsina.