Gwaggo Tafireta da 'Yan Rakiyar Roka

Gwaggo Tafireta ba ta iya ba da haƙuri ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Idan ta taka ƙafar mutum sai ta dube shi ta ce, "Na taka ka," ta wuce abinta. Marigayi mijinta, tela ne mai sanyin hali, ya zauna da ita shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ji "yi haƙuri" daga bakinta, har Allah ya karɓi abinsa bai ji ba. Ita cewa take kalmar ta sha hannu har ta koɗe, kowa na faɗa, ba mai nufi.

Sunan daga aikinta ya fito. Tana gama sakandare ta koyi bugun tafireta, aka ɗauke ta a wata ma'aikatar gwamnati, aka ba ta tebur a ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A nan ta zauna har ritaya. Daraktoci suka zo suka tafi, kwamfuta ta shigo, ita tana nan da kanta a miƙe da yatsunta goma. Abu biyu aikin ya dasa mata, ba su kuma fita ba. Duk takardar da ta ambaci mutum, dole a saka kabon a aika masa nasa kwafin. Sannan takardar da ta fita ta fita: ba a yagewa, ba a zarewa daga fayil. In an yi kuskure, sai a buga wata a bi ta da ita.

Har gida ta kawo wannan. In ta yi maganar maƙwabciya da safe, kafin yamma za ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ce, "Na yi maganarki ɗazu, ga abin da na ce." Shi ya sa ƙawayenta ba su da yawa, masu gulma kuwa suna hango ta suke komawa zancen tsadar kaya.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ita ta ba ta tsohuwar wayarta don ta riƙa ganin hotunan jikoki. Ta buɗe mata shafi, ta saka ta a guruf ɗin dangi, wanda ƙanin Gwaggo, tsohon hedimasta, yake riƙe da shi kamar aji. Ita ce kuma ta nuna mata wata dabara.

"Mama, in kika sa wannan alamar kika rubuta suna, maganar za ta je wa mai sunan kai tsaye."

Gwaggo ta gyara tabarau. "Ashe kabon ne," in ji ta.

Ba ta riƙe waya a hannu kamar mutane. A kan tebur take ajiye ta, gefen tsohuwar tafiretar da ke lulluɓe da ƙyalle, ta zauna a miƙe, ta riƙa dannawa da yatsa ɗaya tana tsaki, don a ganinta rubutu da yatsa ɗaya wulaƙanci ne.

Ana haka gwamnati ta sanar za ta harba tauraron ɗan'adam. A wata ƙasa mai nisa za a ɗora shi kan roka, kuma manyan hukumar sararin samaniya za su je da ayari su shaida. Nan take waya ta ɗau zafi. Magoya bayan masu mulki suka ce ƙasa ta shiga sahun manya, wanda bai yi murna ba maƙiyi ne. 'Yan adawa suka ce asibiti ba magani, makaranta ba rufi, an kwashi dukiya za a cinna mata wuta a sama. Hedimasta kullum sai ya turo hoton roka da tuta a guruf, ya rubuta "Ci gaba!" a ƙasa.

Gwaggo ta karanta na kowa. Sannan wata safiya, bayan ta sha shayi, ta rubuta a shafinta:

"A harba. Ban ga laifin ƙasa ta ɗaga kai ta dubi sama ba, mun daɗe muna kallon ƙafafunmu. Tambayata ɗaya. Roka 'yar firamare ce da sai an raka ta? Waɗannan manyan hukumar da za su cika jirgi, da matansu da masu riƙe musu jaka, wanne ne a cikinsu zai tura ta?"

Da yake ta ambaci hukumar, sai ta sa alamar nan ta jawo sunan shafinsu. Ba tsokana ta nufa ba. A iliminta, yin maganar ma'aikata ba a aika mata kwafi ba gulma ce.

Aka yi ca a kanta daga ɓangare biyu. Wani mai kiran kansa Ɗan Ƙasa Nagari ya rubuta, "Tsohuwa, je ki yi renon jikoki. Nawa 'yan adawa suka ba ki?" Ta amsa, "Jikokina sun yi wanka, sun tafi makaranta. Kai wa ke renonka?" Wata daga ɗaya ɓangaren ta ce, "Kin ce a harba? Mata na haihuwa a ƙasa kina cewa a harba? 'Yar koren gwamnati!" Ta amsa, "Kafin roka ma a ƙasa suke haihuwa. In an fasa harbawa, kina ganin asibiti kuɗin za su? Je ki nemi masu jaka." Wani injiniya ya yi mata bayani cikin ladabi cewa wasu daga cikin matafiyan aiki ne zai kai su. Ta ce, "Ban sani ba, na gode. Su je. Sauran fa?" Kowa sai da ta amsa masa, don ba ta saba barin takarda a tebur ba amsa ba.

Hedimasta ya bugo.

"Yaya, kina ja mana magana. Mutane sun san danginki."

"To su gaishe ku."

"Harkar kimiyya ce wannan, ba bugun takarda ba."

"Malam Hedimasta, ni na wanke maka wando kana yaro. Ka taɓa ganin roka, ko kai ma a waya ka gan ta kamar ni?"

Ya kashe, ya cire ta daga guruf. Ko a jikinta.

Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne surukinta. Mijin Auta direba ne, kuma a wannan hukumar yake tuƙi. Bai daɗe da samu ba, bayan ya sha zaman banza. Na wucin gadi aka ɗauke shi, yana jiran a tabbatar da shi. Da wannan aikin ake biyan haya, da shi yara uku ke zuwa makaranta. A shafin Gwaggo kuwa akwai hotonsa, yana jingine da farar motar hukumar, yara na zaune a kan boneti.

Da yamma suka zo shi da Auta. Direba ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofa kan ɗan benci, yana juya makullin mota a hannu. Mutum ne da ba ya haɗa ido da surukarsa. Auta ce ta yi magana, tun kafin ta ajiye jaka.

"Mama, shugaban sashen motoci ya kira Baban yara. Ya nuna masa waya ya ce, wannan ba surukarka ba ce? Ya ce in ba ki goge kin ba da haƙuri ba, ya manta da maganar tabbatarwa."

"Shi ya rubuta?"

"Mama!"

"Tambaya na yi. Kai, Direba, kai ka rubuta?"

"A'a, Mama," ya ce da ƙasa-ƙasan murya. "Ni ban ma iya irin wannan ba. Gogewar dai suke so. Yatsa ɗaya ne."

"Akwai ƙarya a ciki?"

Ya dubi makulli. "Ni dai jakunkunan na sani, don ni zan kai su filin jirgi."

Auta ta galla masa harara, ta juyo. "Ba wanda ya ce kin yi ƙarya. Gaskiyarki za mu dafa wa yara? Ke kin ci naki aikin lafiya, kina karɓar fansho. Bar mu mu ci namu."

Maganar ta shige ta. Ta dubi ƙyallen tafireta. Gogewa dai ba ta cikin lissafi. Ta ga abin da ke faruwa da fayil ɗin da aka zare wa takarda: daga baya kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama aka rubuta. Amma ta san hanyar wanke ƙaramin ma'aikaci in an shafa masa laifin da ba nasa ba. Ta buga irin wannan takarda ba adadi.

"Ku tafi. Zan gyara."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Direba ya yi godiya har sau biyu. Su biyun sun ɗauka gogewa take nufi.

Suna fita ta zauna a miƙe ta rubuta:

"Ƙari a kan rubutuna na baya. Shugaban sashen motoci ya kira surukina, direba a hukumar, ya ce in ban goge ba ba za a tabbatar da shi a aiki ba. Ina sanar da cewa ba ruwansa. Bai gani ba kafin ya fita, ban kuma shawarce shi ba. Shi yana son rokar, ya fi masu rakiyar son ta. Mai magana ya zo wurina, ina gida."

Ta jawo sunan hukumar. Ta nemo shafin shugaban sashen motoci, shi ma ta aika masa kwafinsa, tunda an ambace shi.

A ofis, irin wannan takarda mutum uku ke karantawa, a sa hannu, a rufe fayil. Wannan kuwa kafin gari ya waye ta zaga ko'ina. 'Yan adawan da suka zage ta jiya suka ɗauke ta a ka, suna yaɗawa suna cewa ga irin mulkin da ake yi. Hukumar ta fitar da sanarwa cewa ba ta tsoratar da kowa ba, ba ta ma san da maganar ba. Bayan 'yan kwanaki aka kira Direba, aka gaya masa cikin fara'a cewa wa'adin aikinsa na wucin gadi ya cika, aka karɓi makulli. Wani ne ya kai jakunkunan.

Auta ta zo ita kaɗai. Ba ta zauna ba.

"Kin gyara, Mama. Sannu da aiki."

"Na biyun kuskure ne," in ji Gwaggo. "Na ɗauka fayil nake sakawa, ashe tsakiyar kasuwa na tsaya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Na farkon kuwa ko gobe aka ce in sake, zan sake."

"Ko sau ɗaya a rayuwarki, ki buɗe baki ki ce wa bawan Allah nan ya yi haƙuri!"

"In na faɗa za su mayar masa da makulli?"

Auta ta buga ƙofa har ƙyallen tafireta ya zame. Ta daina turo hotunan yara.

Ranar harbawa Gwaggo ta kalla a wayarta, da rana tsaka, labule a sake don haske. Ta ga wuta ta fito a ƙarƙashin abin, ya yi kamar ba zai motsa ba, sannan ya ɗaga a hankali, ya miƙe, ya ƙanƙance har ya zama ɗigo. Ta ce a fili, "Ta yi kyau," ba kowa a ɗakin. Sai aka juya kyamara kan 'yan rakiya, jere a inuwa cikin manyan riguna suna tafi. Ta yi tsaki.

A lokacin ta zama abin kallo. Dubban mutane na bin shafinta, suna kiranta uwar talakawa, suna cika mata waya da hoton tafi da na zuciya. Wasu samari biyu na jam'iyyar adawa suka nemo gidan, sanye da riguna iri ɗaya, suka durƙusa suna "Mama, Mama". So suke ta hau dandamali a taronsu ta faɗi abin da aka yi wa surukinta.

"Kuna da mota a jam'iyyar taku?"

"Sosai, Mama. Za mu aiko a ɗauke ki."

"Kuna neman direba?"

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce ai wannan sai an hau mulki.

"In kun hau, jirgi biyu za ku cika," in ji ta. "Ku ja min ƙofa."

Washegari ta hau motar haya ta je gidan Auta, abin da ba ta saba ba. Auta ta gaishe ta a tsaye ta shige kicin. Direba na tsakar gida yana gyara keken babban yaronsa, hannu duk baƙin mai. Ya miƙe da sauri ya kawo mata kujera.

"Zan sake rubutu a kanka," ta ce. "Wannan karon na zo ka ji kafin ya fita. In ka ce a'a, na fasa."

Daga kicin Auta ta ce, "Ka ce a'a!"

Direba ya goge hannu da tsumma, ya yi ɗan murmushi. "Mama, me ya rage da za su karɓa? Karanta in ji."

Ta ɗora wayar a kan cinya, ta gyara tabarau, ta karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a cire inda ta rubuta ba ya gudu, don wani lokacin yana yi in an makara. Ta cire. Sannan ta danna, ya fita:

"Ku daina turo min tafi da zuciya, ba a sayen komai da su. Ban goge ba, ba zan goge ba, wanda abin ya dama ya sha ruwa. Ga abin da nake nema a wurinku. Surukina direba ne, yana da lasisi, yana da yara uku, bai taɓa buge ko akuya ba. Ba ya magana sai an tambaye shi, wato ba ni ya biyo ba. Wanda yake da mota yana neman mai tuƙi, ya yi min magana. Wanda ba shi da ita ya tura wa mai ita. Kuma duk wanda zai ɗauke shi, ya ɗauke shi don tuƙinsa, kada ya tambaye shi ra'ayin surukarsa."