Manyan Birkin Yayana

Yayana shekararsa hamsin da takwas, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya bar abu mai aiki ya zauna lafiya ba. A unguwa Injiniya ake ce masa. Bai taɓa leƙa makarantar injiniya ba. Sito ya tsare a wata sakandare shekara talatin, yana raba alli da tsintsiya, har ya yi ritaya. Sunan ya samo shi ne ran da ya kwance keken ɗinkin Mama wai zai mai da shi na lantarki. Keken na nan cikin kwali uku a ƙarƙashin gadonta.

Da Baba ya rasu, motarsa ta faɗo hannun Yaya. 'Yar ja ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa, irin ta tsere, ta girme ni da shekara guda. Motar tsere a hannun mutumin da masu keke ke wucewa suna ɗaga masa hannu. Amma lafiyarta ƙalau, murɗa makulli ɗaya take tashi.

Bara 'yar Inna Babba ta bugo waya. Inna Babba ita ce yayar Mama, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, tana wani gari tafiyar awa uku. 'Yar ta ce mantuwa ta fara cin tsohuwar, jikokinta ma sai an gaya mata sunansu. Abu ɗaya ne bai bar bakinta ba: jar motar nan, da yadda Baba ke ɗaukarsu ita da Mama, su matsu a kujera ɗaya, suna dariya iska na fizgar ɗankwalinsu. Likita ya ce a kawo mata abin da ta sani tun da sauran lokaci.

Mama ta kira Yaya ta ce ya kai ta a motar ranar Asabar.

"Mama, da wannan birkin?" in ji shi. "Ni ba zan ɗauki uwata a kan faifan birki kamar murfin tukunya ba. Ki ba ni sati ɗaya."

Na ce, "Yaya, birkin nan shekara arba'in yana tsai da motar. Kai da ba ka wuce gudun sittin, me za ka tsayar?"

"Auta, ba fanninki ba ne."

Asabar ta sami motar a kan bulo huɗu a tsakar gida. Ya sayo manyan faifan birki masu huji-huji, da kalifa, wato ƙarfen da ke damƙe faifan in an taka birki, kowanne ya kai girman bulon sabulu biyu, ya zauna ya shafe su da jan fenti. Ya ɗaura. Da ya zo mai da taya, rim, ƙarfen da taya ke zaune a kansa, ya ƙi shiga, kalifa ta tokare shi. Mai hankali a nan zai mai da tsohon kaya ya kai uwarsa unguwa. Yayana manyan rim ya tafi nema, wata guda cur. Rim suka zo, tayoyin suka kama gugar jikin mota. Ya kira mai walda ya yanke bakin madigadin da Baba ke gogewa da hankicinsa.

Duk ranar Juma'a sai na ce, "Mama, ga motar maigidana, mu je mu gan ta, ko motar ta biyo baya."

"Ina zan je mata hannu rabbana? Motar take tambaya. Yayanki ya ce sati mai zuwa."

Ɗan fari ne, abin da ya faɗa a wurinta ya zauna. Haushi kamar ya kashe ni.

A wata na huɗu aka sauke motar daga bulo, sai birki ya ƙi kamawa. Ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Ya ce iska ce a cikin bututun, za a fitar. Aikin na mutum biyu ne, matarsa kuwa ta ce ita ba da ita ba, sai ya faɗo kaina. In na taso daga shagona in shiga motar in zauna, shi yana kwance a ƙasa da sifana.

"Taka. Taka. Riƙe. Saki."

Sati uku muna wannan karatun. Man birki ya jiƙa simintin gidan, cinyata ta dama ta yi tsami har sai na dafa bango nake hawa matakala. Kullum ya fito yana share gumi ya ce saura kaɗan. Na ce a kira tsohon bakaniken Baba, ya ce mutumin zamanin da ne, bai san kayan zamani ba.

Ni na je na ɗauko shi da kaina. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa bayan taya ɗaya, ko sifana bai taɓa ba.

"Injiniya, ɗan notin da kake kwancewa iska ta fita, a ina yake?"

"Ga shi nan a ƙasa, Baba."

"To iska sama take hawa, ɗana. Kalifar dama ka ɗaura a hagu, ta hagu a dama. Ko shekara za ku yi kuna takawa ba za ta fita ba."

Yaya ya ce dama shi ma ya fara zargin haka. Wallahi haka ya ce, ko kunya. Kafin la'asar tsohon ya juya su, birki ya kama.

Duk da haka sai da ya ƙara sati biyar, wai sabon birki sai an lallaɓa shi ya saba da faifai. Ya yi ta zagaya unguwa a hankali yana tsayawa ƙofar kowane shago a yaba masa.

Wata shida da rabi bayan wayar nan muka kama hanya, shi da Mama a gaba, ni da maigidana a baya a tamu motar. Birkin dai ban ga inda ya yi amfani ba, ko akuya ba ta gitta mana ba.

Aka fito da Inna Babba a kujera har bakin ƙofa. Ta rame, idonta na yawo. Mama ta fito daga motar da ƙyar, ta durƙusa gabanta ta kama hannunta.

"Yaya, ga ni. Ga motar na kawo miki."

Tsohuwar ta dubi motar kamar yadda ake duban bango. Ta juyo ta dubi Mama, ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

'Yarta ta ce wa Mama a hankali, "Inna, da ma wata biyu da suka wuce ne. Lokacin kullum sai ta kira sunanki."

Na waiga neman Yaya. Yana tsugune gefen taya da mijin 'yar, yana nuna masa jar kalifa ta tsakanin rim, yana bayanin yadda ya sha fama.

Mama ta zauna wajen yayarta har yamma tana matsa mata ƙafa, ba ta yi kuka ba. Da za mu tafi Yaya ya riga kowa fita, ya buɗe mata ƙofar motar yana jira. Ta wuce shi ba ta kalle shi ba, ta dafa kafaɗata.

"Auta, a taku zan koma."