Ranar da Aka Cire Ƙyauren Inna Lami

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar marka, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Mun dawo daga makaranta ni da ƙawata Saratu, muka tarar da Baffa Sule, yayan mahaifina, tsaye a bakin ɗakin su Saratu, wani kafinta a tsugune yana ɓanɓare ƙusoshin ƙyaure. Hadari ya haɗo ta gabas, kaji sun fara neman mafaka. Inna Lami, mahaifiyar Saratu, tana zaune a kan turmi da ƙwaryar kalwa a cinya. Da ƙyauren ya fita, Baffa ya sa kafintan ya ɗauka a ka, ya karkaɗe hannuwansa ya ce, "Ki zauna har ki gaji, amma ƙyaure nawa ne." Ko zaure ba su kai ba ruwa ya kece.

Kafin wannan rana ban taɓa ɗaukar su Saratu baƙi a gidanmu ba. Na san dai ran Lahadi suna tafiya coci, mu kuma muna zuwa makarantar allo, iyakar bambancin da na sani ke nan. Mahaifinta ya zo ne daga wani ƙauye a gefen Ɗanbatta, ya yi shekaru yana noma tare da kakanmu a gonarmu da ke bayan Rijiyar Zaki. Da ya rasu, Kaka ya hana matarsa tafiya, ya bar mata ɗakin da ke kusa da rumbu. Yakan ce, "Wanda kuka sha rana tare, ba a hana shi inuwa." Ba ta biyan komai. Sai dai duk ranar da ta buɗe daddawa, sai ta aiko wa kowace mace a gidan da nata rabon, har ƙamshin miyarmu ya zama abin magana a unguwa. Ni da Saratu tare muke ɗebo ruwa, tare muke surfe da ƙananan taɓarenmu, tare muke korar tsuntsaye daga gero muna kaɗa gwangwani. Da kaka mu bi gonakin da aka cire gyaɗa muna kala, da yamma mu zana 'yar gala-gala a ƙofar gida har sai an kira mu da tsawa. Sau da yawa a ɗakinsu barci ke ɗauke ni, a bar ni a can.

Bayan rasuwar Kaka ne gari ya fara cim mana. Ɗaliban jami'a da ma'aikata suka yi ta kwararowa suna neman wurin kwana, dillalai suka riƙa shigowa a kan babura suna leƙa gidajen mutane kamar masu sayen awaki. Gonar maƙwabcinmu da muke kala a ciki aka yanka ta filoti-filoti. Mutane suka rushe rumbuna, suka tashi turken dabbobi, suka jera ɗakuna masu ƙananan tagogi. Hirar dattawa a gindin darbejiya ta tashi daga maganar taki da iri, ta koma wane ya zuba 'yan haya, wane ya ƙara kuɗi kuma an biya.

Baffa Sule, da yake shi ne babba, shi ya gaji riƙon gida. Ya aika wa Inna Lami cewa zaman kyauta ya ƙare. Shekarar farko ta sayar da awakinta ta biya. Da shekara ta zagayo ya ninka, wai haka kasuwa take, kuma ga ɗalibai suna roƙonsa da kuɗinsu a hannu. Ta je ta durƙusa ta nemi ya jira ta zuwa kaka. Amsar da ya ba ta ita ce kafinta.

Ruwan ranar har gadonsu ya kai. Mahaifiyata ta ciro asabarin ƙofarta ta rataya musu, ta dawo tana huci, ta tsaya a kan mahaifina. "Malam, kana gani? Matar da ta yanke wa 'ya'yanka cibiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya ne, me zan ce masa?" Ina son mahaifina, Allah Ya jiƙansa, amma har yau wannan amsa tana ci mini rai. Sauran mazan gidan ma babu wanda ya hana, kowa yana lissafin abin da zai samu idan an gyara ɗakin.

Inna Lami ba ta kai kakar a gidanmu ba. Sauro da feshin ruwa suka kwantar da Saratu da zazzaɓi, tana samun sauƙi suka ɗaure kaya. A kura ɗaya aka tura tukwanen daddawa da tabarmi zuwa bakin titi. Na bi su ina kuka har inda ake tsayar da motar Ɗanbatta. Inna Lami ta share mini fuska da bakin zanenta ta ce, "Koma gida, uwata, ke kina da inda za ki koma." Saratu ba ta ƙara shiga aji ba, ita da take koya mini lissafi. Daga baya muka ji an kai ta aikatau Kano, daga nan labarinta ya yanke. Ɗakin kuwa aka yaɓe shi da siminti, aka raba shi biyu, aka zuba samari masu kunna rediyo.

Yanzu ni ma 'yar haya ce, ina koyarwa a wata firamare a Bacirawa. Kowace shekara mai gida yakan turo dillalinsa da magana guda, wai komai ya yi tsada, ko in ƙara ko in ba wani wuri, kuma na shekara ake so dunƙule. Sau da dama na tashi, kowane tashi ina ƙara nisa da wurin aikina, ina raba yarana da abokansu. Baffa Sule yana nan da ransa, ya je Makka, yana da gidajen haya, sahun gaba yake sallah. Idan na je gida nakan durƙusa in gaishe shi, don haka aka tarbiyyantar da ni, amma ban taɓa iya cin abincin gidansa ba.

A da idan baƙo ya sauka a ƙauyenmu, tambayar farko da ake masa ita ce ko ya ci abinci. Yanzu sai an ji aikinsa da albashinsa kafin a nuna masa ɗaki. Gidaje sun yi yawa a garinmu, wurin zama ne ya yi ƙaranci.