Yadda Ɗan Malam Isiyaku Ya Koyi Rashin Kunya

Ranar Litinin, takwas ga watan Mayu na shekarar 2023, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Abdulmalik Isiyaku ya fara haɗuwa da Malama Ikram, sakatariyar wani ƙaramin kamfani mai tattara sababbin 'yan wasa ya haɗa su da masu shirya fim. Kamfanin Alhaji Ilu ake ce masa, ɗaki biyu ne a saman wani bene a wajen badala. Shi ne na goma sha ɗaya da Abdulmalik ya kai wa takardarsa. A goman farko, huɗu sun ce ya bar lambar waya, uku sun ce oga ya fita, biyu sun tashi daga inda aka kwatanta masa, ɗaya kuma maigadi ne ya karɓi takardar ya shiga yin fifita da ita a gabansa.

Shekarunsa ashirin da biyu a lokacin. Ɗa ne ga Malam Isiyaku mai kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi, gidansu na cikin wani lungu a Gwale. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwa ladabi ne. Tun daga nesa idan ya hango babba yake fara rage tsawo, kafin su haɗu ya riga ya kai ƙasa. Iyaye mata da shi suke yi wa 'ya'yansu gori. Babu wanda ya san cewa tun yana aji uku na sakandare yake tsayawa gaban madubin ɗakin mahaifiyarsa yana gwada kuka da dariyar mugunta.

Ikram ta duba hotunansa guda biyu, ɗaya da tabarau na aro, ɗaya ya dafa haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ta ce, "Malam Abdulmalik, ka taɓa yin fim?"

"Na yi wasan kwaikwayo a makaranta."

"A me ka fito?"

"Marar lafiya."

"Ka yi magana?"

"Na yi nishi sau uku, sai na rasu."

"Allah ya jiƙanka," in ji ta, ta jawo aljihun tebur tana dariya. Ta ba shi takardar cikewa, da wani shafi guda na labari. Ta ce ranar Asabar ashirin ga wata za a yi gwaji, ya haddace maganar yaron da ke cikin shafin ya zo. Sai ta ɗora yatsa a ƙasan takardar. "Nan mahaifinka zai sa hannu, nan kuma mai unguwarku zai buga hatimi. In babu su, ko bene kada ka hawo. Mun gaji da iyaye suna biyo mu da sanda."

A nan gizo ke saƙar. Malam Isiyaku bai san ɗansa na yawon kamfanoni ba, kuma ra'ayinsa kan 'yan fim ba ɓoyayye ba ne. Yakan ce wanda ba shi da sana'a shi ke kwaikwayon ta wasu. Ga shi Abdulmalik ne kaɗai ɗa namiji a gidan, shi yake sa ran bar wa rumfar. Saura kwana goma sha biyu, kuma ba tare da hannun tsohon nan a takarda ba, ƙofa ta goma sha ɗaya ma ta rufe.

Da ya karanta shafin a cikin adaidaita, sai ya ga wata sabuwa. Labarin wani yaro ne da ubansa ya sayar masa da babur bai sani ba, shi kuma ya zo yana zazzaga masa rashin kunya. Abdulmalik bai taɓa ɗaga murya ko a kan akuyar gidansu ba.

Ya yanke shawarar ya fara iya wasan tukuna, sa hannu kuma Allah ya kawo dabara. To amma a ina mutum zai yi ihu a cikin birni ba a ji shi ba? A rumfa sai dai ya motsa leɓe yana awon citta. Ya gwada a banɗaki, ƙanwarsa Hasana ta buga ƙofa tana tambaya ko kunama ce. Kwana goma suka wuce, takarda na ninke a aljihu, kullum sai ya buɗe baki zai yi wa mahaifinsa magana sai ya ƙare da cewa kanumfari ya kusa ƙarewa.

Ranar Alhamis sha takwas ga wata, mahaifiyarsa da Hasana suka tafi suna Ƙofar Na'isa. Bayan Azahar Malam Isiyaku ya aike shi gida ya ɗauko abincin da aka bar musu. Ya shiga ya tarar da gida tsit. Bai taɓa samun dama irin wannan ba. Ya jawo turmi tsakar gida ya kafa taɓarya a ciki, ya gicciya sanda ya ɗaure, ya ɗauko babbar rigar Juma'ar mahaifinsa ya zura, ya kifa hula a sama. Ya ja da baya ya duba. Har sai da ya ɗan rusuna kafin ya tuna.

Ya gyara murya. "Ba zan yi shiru ba! Yau sai ka gaya min wanda ya ba ka iko da kayana!" Muryar da ta fito ta ba shi tsoro shi kansa. Ya ji daɗi, ya ƙara. "Ka rabu da ni, tsoho! Na gaji da kai, na gaji da gidanka!"

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da 'Yardada mai daddawa, tsohuwar da ta yi wa Abdulmalik wankan jego tare da uwarsa, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta na nan garau. Ta kifa nata turmin ta hau ta leƙa. Abin da ta gani shi ne bayan Malam Isiyaku, da rigarsa da hularsa, tsaye ƙiƙam ba ya ko motsi, ɗansa na nuna shi da yatsa.

"Jama'a ku kawo ɗauki! Ɗan Isiyaku ya taɓu! Malam ya ƙame a tsaye!"

Kafin Abdulmalik ya gane daga ina ihun yake, zaure ya cika. Audu tela ne kan gaba, da almakashi a hannu da tef a wuya. Ya ture yaron gefe, ya kama kafaɗar rigar yana cewa, "Malam, yi haƙuri, zauna." Taɓarya ta kife, riga ta zube, hula ta gangara bakin rariya. 'Yardada ta saki salati daga saman katanga, ta zame daga kan turmi.

Da an tarar da uban a ciki, da faɗan gida ne, a yi nasiha a watse. Amma mutum ya tsayar da rigar ubansa yana zaginta da rana tsaka, wannan ya wuce sanin Audu. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce wani malamin tsibbu ne ya ba shi laƙani. Aka tasa shi gaba zuwa gidan Mai Unguwa, aka aika kasuwa a kira mahaifinsa.

Bayan La'asar aka zauna a zauren. Mai Unguwa na kan kujera, dattawa a tabarma, 'Yardada a bakin ƙofa tana murza gwiwa. Malam Isiyaku ya shigo da ƙamshin masoro a jikinsa, ya gaisa da kowa, ya zauna bai dubi ɗansa ba. Abdulmalik ya lura cewa mutum biyun da yake nema a takardarsa ga su nan a ɗaki ɗaya, sai dai ba ta hanyar da ya so ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardun, ya faɗi gaskiya tun daga kamfani na farko.

Mai Unguwa ya sa tabarau ya karanta shafin da ƙarfi, maganar uba da ta ɗa. Da ya gama, Audu tela ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ma uban bai kyauta ba. Ka sayar da babur ɗin yaro ko sallama babu?"

"Wa ya saya masa babur ɗin tun farko?" in ji 'Yardada.

"Ba a rubuta ba, Iya," in ji Abdulmalik.

"To a je a tambayo. In uban ne ya saya, kayansa ne."

Aka yi kusan minti goma ana shari'ar babur, har wani dattijo ya kawo misalin abin da ya faru da ɗan wansa. Sai da Mai Unguwa ya buga sandarsa a ƙasa ya tuna musu cewa babu babur, babu yaron, babu uban.

Nan aka koma kan Malam Isiyaku. Sai yanzu ya juyo. "Kamfani nawa ka ce ka je?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Wato gida goma sha ɗaya sun san abin da ke ranka, ni da muke wuni rumfa ɗaya ban sani ba."

Abdulmalik ya sunkuyar da kai. Wannan ta fi masa mari zafi.

Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi shafin. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ni ko kimba ba na saye sai na ɓalla na shinshina. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. Tashi ka yi. Ni ne uban."

Abdulmalik ya miƙe. Ya dubi fuskar mahaifinsa, gwiwoyinsa suka yi abin da suka saba. Daga tsugune ya ce, "Baba, don Allah, in ba damuwa, wa ya ba ka iko da kayana?"

Zaure ya fashe da dariya. 'Yardada kuwa haushi ta ji. "Wallahi ba haka ya yi ba! Kada a mayar da ni maƙaryaciya. Ɗazu har kajina sai da suka watse!"

"A kan wannan za ka bar min rumfa?" in ji Malam Isiyaku. "Tashi. Juya ka fuskanci bango, tun da idona ne ya tsare ka."

Ya juya. Babu komai a gabansa sai bangon ƙasa da kalandar bara. Daga bayansa ya ji mahaifinsa ya karanta layin uban a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ya ja numfashi ya saki. Muryar ta daki bango ta dawo, wani dattijo da ya fara gyangyaɗi ya zabura yana neman takalminsa. Ya yi shafin har ƙarshe, har inda muryar yaron take karyewa yana cewa da babur ɗin yake neman abinci. Da ya yi shiru, babu wanda ya yi dariya.

"Yauwa," in ji 'Yardada. "Haka ya yi."

Malam Isiyaku ya nemi biro a wurin Audu. Kafin ya sa hannu ya gindaya sharuɗɗa uku, Mai Unguwa ya zama shaida. Daga safe zuwa Azahar na rumfa ne, ko wane irin fim ake yi. Duk labarin da aka ba shi sai ya kawo gida an karanta. Na uku, ya wanke rigar nan da hannunsa ya kai ta bugu kafin gobe Juma'a. Mai Unguwa ya hura wa hatiminsa iska ya danna, ya ce Abdulmalik ya je ya sayo wa 'Yardada man zafi.

Ranar Asabar mutum arba'in da shida suka zo gwaji, shi ne na talatin da ɗaya. Wanda aka ajiye a matsayin uba wani dattijon ɗan wasa ne mai furfura ta gaskiya, ba ta hoda ba. Abdulmalik na haɗa ido da shi ya ji gwiwa ta fara lanƙwashewa. Bai nemi izinin kowa ba, ya juya wa dattijon baya, ya samu bango ya yi abinsa. Ashe ta nan aka kafa kyamara.

Alhaji Ilu, mai kamfanin, ya cire hula ya sosa kai. "Mutum talatin sun zo suna zare wa tsoho ido kamar 'yan dambe. Kai ko darajar kallo ba ka ba shi ba. Wa ya koya maka juya wa uba baya?"

"Babana ne, Alhaji."

Ikram ta rubuta sunansa a cikin mutum biyar da aka ɗauka.

Shirin ya fito a farkon 2024, mai dogon zango, ana kallonsa a waya. Abdulmalik ya fito a kashi shida, a na bakwai aka tura yaron labarin Legas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Daga nan ya samu fitowa a wasu shirye-shirye uku, biyu a marar kunya, ɗaya a direban da ba ya magana. Bai yi suna ba, amma a Kurmi an san fuskarsa. Akwai wata Hajiya da ta daina sayen kayan yaji a hannunsa, ta ce sai dai uban ya auna mata, ba ta cin abin da ya fito daga hannun ɗan da ba shi da albarka. Yanzu shekarunsa ashirin da huɗu. Yana rumfa kullum har Azahar, sunansa na nan a kamfanin Alhaji Ilu, kuma an sa ranar aurensa bayan Babbar Salla.